Sharhi a Kan Manhajar BOINC: Ƙarfinta da Gardamarta a Tsohuwar Kwamfutar Gida

BOINC manhaja ce ta kyauta da ke ba mai kwamfuta damar ara wa masu binciken kimiyya ƙarfin da ya rage a na'urarsa. An soma gina ta a shekarar 2002 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙarƙashin jagorancin David Anderson, bayan da shirin SETI@home, wanda aka ƙaddamar a watan Mayun 1999 domin tace siginar rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya, ya nuna cewa miliyoyin mutane a shirye suke su ba da aron kwamfutocinsu ba tare da an biya su ko sisi ba. Tsarin tamkar aikin gayya ne: cibiyar bincike takan yanka lissafin da ya fi ƙarfin na'urorinta gunduwa-gunduwa, ta raba wa duk wanda ya amsa kira, kowa ya yi nasa kason a gida, ya mayar da sakamako ta intanet. SETI@home ya daina raba aiki a ƙarshen watan Maris na 2020, amma manhajar da ta samo asali daga gare shi tana nan, kuma shirye-shirye da dama suna tafiya a kanta, daga masu nazarin taurari zuwa masu neman magunguna.

Wannan sharhi ya taƙaita ne ga tambaya guda: shin manhajar tana da amfani a kan tsohuwar kwamfutar tebur, irin wadda ake sayowa ta hannu a kasuwa, ko wadda aka jingine a lungun ɗaki tun da aka yi sabuwar laftof? Na'urar da na gwada ta a kai tana da furosesa Core 2 Duo E8400, wanda ya fito a 2008, mai ƙwaya biyu, wato sassa biyu da ke lissafi a lokaci guda, da gudun gigahaz 3, tare da ram gigabait 4 da faifan ajiya mai juyawa irin na da. Hukuncina shi ne manhajar tana da ƙwari kuma an gina ta da hankali, kuma mafi yawan abin da mutum zai ɗauka laifinta ne, idan aka bi diddigi, sai a tarar laifin agogo ne, ko zafi, ko ƙarancin ram, ko wutar lantarki. Inda take da rauni na gaske shi ne ba ta faɗa wa mai ita abin da ke damunta a fili, sai ya je ya tono da kansa, sannan saitin da take zuwa da shi an yi shi ne da tunanin ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta yankewa, da intanet marar iyaka.

Girka ta ba shi da wahala. Ana sauke ta daga shafinta, a bi matakan da aka saba, a zaɓi shirin binciken da ake son taimaka wa daga jerin da za ta nuna, a ba da adireshin imel da kalmar sirri, shi ke nan. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne manhajar kashi biyu ce: akwai mai aikin, wanda ke gudana a ɓoye yana karɓo lissafi yana mayar da sakamako, akwai kuma tagar kulawa da ake kira BOINC Manager, wadda aikinta kawai nuna abin da ke faruwa da isar da umarni. Su biyun suna magana da juna ta ƙofa mai lamba 31416, da kalmar sirrin da ke cikin fayil ɗin gui_rpc_auth.cfg. Saboda haka idan aka buɗe taga aka gan ta fayau babu komai, ba lallai ne lissafi ya tsaya ba. Sau da yawa tagar ce ta kasa kaiwa ga mai aikin, kuma gyaran daban ne.

Tagar tana buɗewa da wata sauƙaƙƙiyar fuska mai hoto da sandar ci gaba, wadda ba ta da wani amfani ga wanda matsala ta kama. Shawarata ita ce a koma cikakkiyar fuskar tun ranar farko, inda ake ganin shafukan shirye-shirye, da ayyuka, da fayilolin da ke shiga da fita, da girman wurin da aka ci a faifai. Ko a nan ma abin da ya fi komai muhimmanci a ɓoye yake, wato kundin rahoto mai suna Event Log, wanda ake buɗewa ta danna Ctrl da Shift da E a tare. Layukan farko na wannan kundi suna bayyana irin furosesan da manhajar ta gani, da jerin umarnin da yake ganewa, da yawan ram, da sarari a faifai, da ko ta ga katin hoto, da saitin da take bi. Duk wanda ya karanta waɗannan layuka a natse ya riga ya samu rabin amsar kowace matsala da za ta biyo baya. Na ɗauki ɓoye wannan kundi a bayan jerin zaɓuɓɓuka a matsayin babban kuskuren tsari, domin sabon shiga zai iya yin kwanaki yana kallon kalmar da ke cewa an dakata, bai san cewa dalilin yana rubuce a wani wuri ba.

Matsalar farko da tsohuwar kwamfuta ke cin karo da ita ita ce kasa haɗuwa da cibiyar bincike, alhali intanet yana aiki kuma sauran shafuka suna buɗewa. Tushenta sananne ne. Tsofaffin sigogin BOINC suna zuwa da nasu kundin takardun shaidar tsaro a cikin fayil mai suna ca-bundle.crt, kuma da shi suke tantance ko shafin da suke magana da shi na gaskiya ne. A ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wata babbar takardar shaida mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, wadda shafuka masu tarin yawa da ke amfani da Let's Encrypt, cibiyar da ke ba shafuka takardun shaida kyauta, suka dogara da ita, sai tsofaffin sigogi suka wayi gari ba sa yarda da shafukan da jiya-jiya suke mu'amala da su. Duk wanda ya girka manhajar daga wani tsohon fayil da ya samu a filashi, ko ya kunna na'urar da ta yi shekaru a kashe, zai ga kundin rahoto yana cewa an kasa tantance takardar shaidar ɗaya ɓangaren. Maganin shi ne sauke sabuwar siga. Idan tsarin da ke kan kwamfutar ya tsufa har sabuwar ta ƙi hawa, ana iya musanya wannan fayil ɗin kaɗai da sabo, a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗe ta.

Akwai wani abin da ke haifar da saƙo iri ɗaya, kuma ya fi wancan yawa a tsofaffin na'urori. A jikin babban allon kwamfuta akwai ɗan batir zagayayye mai girman kwabo, CR2032, irin wanda masu gyaran agogo ke sayarwa, kuma shi ke riƙe kwanan wata da lokaci idan an cire wuta. Idan ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta agogon kwamfutar yakan koma shekarar da aka ƙera ta. Na'urar da ta yi imani cewa yau 2008 ce za ta ɗauki takardar shaidar da aka bayar a bana a matsayin wadda lokacinta bai zo ba, ta ƙi ta, sannan lissafin wa'adin ayyuka ma ya rikice. Kafin a taɓa kowane fayil, a dubi agogon da ke ƙasan allo. Canjin batirin bai wuce buɗe murfi da danna ɗan maƙalin ƙarfe ba, kuma a wurin da ake yawan ɗauke wuta ba abu ne da za a jinkirta ba.

Idan haɗuwa ta yiwu amma aiki bai zo ba, a nan manhajar ta cancanci yabo, domin idan ta kasa kaiwa ga cibiya takan gwada wani sanannen shafi na daban, ta rubuta a kundi ko intanet ɗin mai kwamfuta ne ya yanke ko na'urorin cibiyar ne suka tsaya. Kuma duk sanda aka ƙi amsa mata takan ƙara tsawon jira kafin ta sake tambaya, don kada dubban kwamfutoci su yi wa cibiya rubdugu. Danna maɓallin sabuntawa a kai a kai ba ya kawo aiki, wasu cibiyoyin ma sukan mayar da lokacin jira farko idan aka matsa musu. Wani lokaci shirin ne kawai ba shi da aikin rabawa na makonni, shi ya sa haɗa na'ura da shiri biyu ya fi dogaro da guda.

Sai kuma saƙon da ya fi ɗaure wa mutane kai, wanda ke cewa "Suspended - CPU is busy". Manhajar tana zuwa da sharaɗin cewa idan sauran manhajoji suka ci fiye da kashi 25 cikin 100 na ƙarfin furosesa, sai ta janye. A kan na'ura mai ƙwaya takwas wannan sharaɗi ba ya damun kowa. A kan mai ƙwaya biyu kuwa, manhaja guda da ta cika ƙwaya ɗaya ta riga ta kai kashi 50, ke nan binciken sabuntawar Windows, ko manhajar kashe ƙwayoyin cuta, ko shafin intanet mai bidiyo, kowanne ya isa ya tsayar da lissafi. Tun da BOINC tana gudanar da ayyukanta a mafi ƙanƙantar daraja, ta yadda kowace manhaja ke wuce ta a layi, ɗaga wannan adadi zuwa 60 ko 70 bai sa na ji wani nauyi ba a rubutu ko karatu. Abin lura a nan shi ne akwai saiti iri biyu, na shafin cibiya da na cikin kwamfuta, kuma da zarar an taɓa na cikin kwamfuta shi ke rinjaye har sai an goge shi. Mutum zai iya gyara saiti a shafi ya yi ta mamakin rashin canji, alhali wani fayil mai suna global_prefs_override.xml ne ke riƙe da tsohon umarni.

Zafi shi ne ainihin jarrabawar. Kwamfutar da ta shekara goma tana buga takardu ba ta taɓa ɗaukar kaya irin wannan ba, domin BOINC tana riƙe furosesa a cike dare da rana, ba hutawa. Idan aka haɗa da zafin bazara, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40 a inuwa a watan Afrilu, da ƙurar da hunturu ya bari, sai alamomi su bayyana: fanka tana kuka, na'ura tana rage gudu don kare kanta, daga bisani ta mutu ba sallama. Da na buɗe tawa na cire fankar furosesa, abin da ke tsakaninta da haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi ba ƙura ba ce sako-sako, wani dunƙulallen shimfiɗi ne launin toka wanda ya ɗago gaba ɗayansa da na sa tsinke, kuma man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya tsattsage, yana fita gari-gari. Gyaran shi ne a hure ƙurar da bulowa ana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, a goge tsohon man da ɗan ƙyalle da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa a tsakiya, a mayar da ƙarfen a tabbatar ƙafafunsa huɗu sun kama. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, aiki ne na ɗan lokaci. Manhajar ba ta nuna zafin furosesa da kanta, wanda a ganina giɓi ne babba ga abin da aka yi domin ya yi ta aiki babu mai tsaro. Sai an nemi wata kamar Core Temp ko HWMonitor a Windows, ko lm-sensors a Linux, tsarin kwamfuta na kyauta da ake sawa a madadin Windows. Ni dai ba na son ganin adadin ya zauna sama da digiri 70.

Hanyoyin rage zafi biyu ne a cikin saiti, kuma ba daidai suke ba. Ta farko ita ce rage kason lokacin furosesa, inda manhajar ke aiki ta tsaya, ta yi aiki ta tsaya, a cikin daƙiƙoƙi. Zafin yakan yi ta hawa da sauka, fanka ma ta riƙa ɗaga murya tana saukewa, abin da ke hana barci idan na'urar a ɗakin kwana take. Ta biyu ita ce rage yawan ƙwayoyin da ake amfani da su zuwa kashi 50, wato ƙwaya ɗaya tana lissafi ɗaya tana hutawa. Wannan ta fi mini, domin zafin yakan tsaya wuri guda, sauran aikin gida ba ya jin nauyi, kuma buƙatar ram ta ragu da rabi. Ana kuma iya sa mata jadawalin awoyi, ta yi aiki daga bayan isha'i zuwa hantsi, ta huta da tsakar rana.

Batun ram ba shi da tsawo. Manhajar takan ɗauki har rabin ram idan ana amfani da kwamfuta, da kashi 90 idan ba kowa a kai. Idan aiki ya nemi fiye da haka sai a ga "Waiting for memory", ya tsaya cik. Ɗaga iyakar ba magani ba ne, domin tsarin zai koma jibge bayanai a faifai, fitilarsa ta kama ta ƙi mutuwa, komai ya yi sanyi. Maganin shi ne zaɓen shirin da ya dace da na'urar.

Zaɓen shiri kuwa shi ne inda tsohuwar kwamfuta ke tsira ko ta wahala a banza. Rosetta@home, na ɗakin binciken David Baker a Jami'ar Washington, wanda ya samu kason kyautar Nobel ta fannin sinadarai a 2024 saboda aikinsa kan ƙera furotin, shiri ne mai daraja, amma ayyukansa suna cin ram sosai kuma wa'adinsu gajere ne, don haka ba shi zan fara ba wa na'ura mai gigabait 4 ba. Climateprediction.net na Jami'ar Oxford yana raba lissafin yanayi da kan ɗauki kwanaki ko makonni ko a sabuwar na'ura, kuma ba ya son yawan katsewa. Wasu ayyukan PrimeGrid, masu gwada ko wata ƙatuwar lamba ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, an rubuta su ne don su matse furosesa iya matsewa, kuma sun fi komai kawo zafi. Akwai kuma batun rukunan umarnin lissafi da furosesa ke ganewa: AVX ya fara zuwa a furosesoshin Intel a 2011, AVX2 a 2013, kuma Core 2 Duo ba shi da ko ɗaya, ya tsaya a dangin SSE. Cibiya mai kyakkyawan tsari takan duba jerin da manhajar ta aika mata ta turo sigar da ta dace, kamar yadda Asteroids@home na Jami'ar Charles da ke Prague, mai lissafin siffar duwatsun sararin samaniya, ya tanadi sigogi daban-daban. Idan aka ga aiki yana mutuwa a cikin daƙiƙar farko da "Computation error" tare da lamba 0xc000001d, ma'anarsa an ba furosesa umarnin da bai sani ba, kuma babu saitin da zai gyara wannan sai barin wancan nau'in aiki. Waɗanda suka fi zama lafiya da na'urata su ne masu ƙaramar buƙatar ram da dogon wa'adi, irin su Asteroids@home da wasu ayyukan World Community Grid, shirin da IBM ta kafa a 2004 wanda daga baya ya koma hannun Cibiyar Bincike ta Krembil da ke Toronto.

Wasu shirye-shirye, musamman mafi yawan ayyukan LHC@home na cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke Turai, suna buƙatar VirtualBox, wato kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta, da kunna VT-x, fasahar furosesa da ke ba da damar wannan kwaikwayo, a cikin BIOS, wato saitin babban allo da ake shiga lokacin kunna kwamfuta. E8400 yana da VT-x, amma ram ɗin ba zai ɗauka ba, kuma datar da ake ci tana da yawa. A sauke sigar da ba ta haɗe da VirtualBox, a huta.

Ɗauke wuta shi ne inda na fi jin tsoro, kuma shi ne inda manhajar ta fi burge ni. Yawancin ayyuka suna yada zango lokaci-lokaci, wato su rubuta inda suka tsaya a faifai, ta yadda idan wuta ta dawo za su ci gaba daga zangon ƙarshe maimakon komawa farko. Manhajar kanta tana ajiye halin da take ciki a fayil ɗin client_state.xml tare da kwafin wanda ya gabace shi, don idan yankewar wuta ta lalata ɗaya ta koma ga ɗayan. Sai dai tazarar zango tana hannun kowane shiri: saitin daƙiƙa 60 da ake gani yana hana aiki yawan rubutu ne kawai, ba ya tilasta masa ya rubuta. Akwai ayyukan da ke daɗewa ƙwarai kafin su kai zango, kuma a gidan da wuta ke zuwa tana komawa irin wannan aiki zai yi ta maimaita wuri guda. Ana ganin lokacin zangon ƙarshe a cikin bayanan kowane aiki, kuma ya kamata a duba shi kafin a amince da shiri. Abu biyu suna taimakawa: a kunna zaɓin barin ayyuka a cikin ram idan an dakatar da su, don kada kowace 'yar dakatawa ta jawo asarar abin da aka yi tun zangon baya, sannan a saita BIOS ta kunna kwamfuta da kanta idan wuta ta dawo. Ƙaramin UPS ba zai riƙe lissafi ba, amma yana kare faifai daga ƙiftawar wuta, wadda ta fi ɗaukewa ɓarna.

Kowane aiki yana da wa'adi, kuma wanda ya makara an riga an tura kwafinsa ga wani. Manhajar tana lura da yawan awoyin da na'ura ke kunne ta daidaita abin da take roƙo, amma tana ɗaukar lokaci kafin ta koya, don haka a farko takan ɗebo fiye da ƙarfinta. A bar ma'ajin aiki ƙarami, kada ya wuce na rabin yini, kuma idan an san za a yi tafiya a danna maɓallin hana sabon aiki tun da wuri, a soke abin da ba zai ƙare ba domin cibiya ta ba wani nan take.

Data ma abin lissafi ce ga mai sayen ta da kuɗinsa. Akwai saitin da ke ƙayyade megabait nawa za a ci a cikin kwana nawa, da jadawalin intanet daban da na lissafi, wanda ya dace da masu sayen datar dare. Bambancin shirye-shirye a nan babba ne. Africa Rainfall Project, wanda Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan ta soma a 2019 a kan World Community Grid domin kwaikwayon ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, shi ne ya fi kusa da rayuwar manomanmu, amma fayilolinsa manya ne a shiga da fita, kuma yana son ram, har ya zama wanda ya fi cancantar taimako shi ne ya fi wuyar ɗauka ga tsohuwar na'ura mai ƙididdigaggiyar data.

Akwai matsalar da ba ta nuna kanta a cikin taga sam, sai a shafin cibiya. Shirye-shirye da yawa suna tura aiki guda ga kwamfutoci biyu su kwatanta amsa, idan suka saɓa a tura wa ta uku ta raba gardama. Na'urar da ke kammala aiki lafiya amma ana yawan ƙin amsarta, to kusan kullum kayan cikinta ne: ram mai rauni, ko zafi, ko akwatin wuta da ya gaji, ko kafasitocin babban allo da kawunansu suka kumbura. A gudanar da Memtest86+, manhajar gwada lafiyar ram, dare guda. Kuskure ko da ɗaya ne ya isa hujja, sai a cire sandunan ram ɗaya bayan ɗaya, a goge haƙoransu, a gano mai laifin. Cibiyoyi suna rage yawan aikin da suke ba na'urar da ke yawan kuskure, su ƙara mata idan ta gyaru, wanda tsari ne na adalci. Duba wannan shafi sau ɗaya a mako wajibi ne a ganina, domin na'urar da ke aika amsa marar kyau tana ƙona wuta ne tana kuma ƙara wa wasu aiki.

Ta fuskar tsaro, cibiyoyi suna sa hannu na lantarki a kan manhajojin da suke turowa, kuma BOINC tana tantance shi kafin ta gudanar da su, amma amanar tana komawa ga cibiyar da aka zaɓa, don haka a tsaya ga sanannu. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta takan yi kuskure ta kama fayil ɗin lissafi, ko ta riƙe shi lokacin da ake son rubutu a kansa, ayyuka su yi ta mutuwa ba dalili. Cire jakar C:\ProgramData\BOINC daga bincikenta yana kawar da wannan. Babban haɗarin yana ga tsarin kwamfutar kansa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, sannan Windows 11 ba ta amince da furosesa irin wannan ba. Barin na'ura marar sabuntawa a kunne a kan intanet dare da rana ba dabara ba ce. Idan ba a buƙatar ta don wani aiki, Debian ko Lubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, sun fi dacewa: suna barin ram mai yawa ga lissafi, BOINC tana cikin ma'ajiyar manhajojinsu, tana tashi da kanta tare da na'ura, kuma takardun shaidar tsaro suna sabuntuwa tare da tsarin. Cikas ɗin da aka fi gani a can shi ne taga ta kasa karanta kalmar sirrin mai aikin, wanda ke warwarewa idan aka sa sunan mai amfani a rukunin boinc aka fita aka sake shiga.

Ladan da ake samu maki ne, ba kuɗi ba. A ƙa'ida, kwamfutar da ke lissafi biliyan ɗaya a daƙiƙa tana samun maki 200 a yini guda cur, amma kowane shiri yana da hannunsa wajen rabo, don haka kwatanta makin wani shiri da na wani ɓata lokaci ne. Abin da ya fi maki shi ne sakamakon yana zuwa wani wuri. Einstein@Home, wanda aka ƙaddamar a 2005 kuma Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee da Cibiyar Max Planck da ke Hannover a Jamus ke tafiyar da shi, ya gano wani tauraro mai juyawa yana aiko da siginar rediyo, PSR J2007+2722, a 2010, daga bayanan Arecibo, ƙatuwar na'urar ɗaukar siginar rediyo daga sararin samaniya da ke Puerto Rico a lokacin, kuma kwamfutocin 'yan sa kai a Amurka da Jamus ne suka tsinto shi.

Saura lissafin wuta, wanda shi ke yanke hukuncin wa ya kamata ya girka ta. An ƙayyade E8400 a kan wat 65, kuma idan aka ƙaddara na'urar gaba ɗaya tana jan wat 100 a cike, to yini guda yunit 2.4 ne, wata guda yunit 72 a mita. Furosesan zamani yana yin ninkin wannan lissafi da wutar da ba ta kai haka ba, har tsohuwar wayar Android da aka bari a caji, wadda ita ma akwai sigar BOINC dominta, tana jan 'yan wat kaɗan ne kawai, kodayake zafi yana cin batirinta. Saboda haka ba zan ba kowa shawarar ya ƙona man janareta ko ya zuƙe batirin inbata da dare don wannan na'ura ba. Wanda ta dace da shi shi ne mai sola wanda batiransa ke cika kafin azahar, hasken rana yana zuba a kan faranti ba mai amfani da shi. Shi sai ya juya jadawalin, ya ba ta awoyin rana da ƙwaya ɗaya, ya ajiye ta a ɗakin da ya fi samun iska, nesa da bango da ƙasa, kuma ya riƙa buɗe murfin yana hure ƙura a ƙarshen kowane hunturu.